Rigar Kaka a Cikin Adaka: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan tsofaffin tufafi suke. Ina jin don damina ta ɗauke ne, mutane sun buɗe akwatuna sun ji abin da hancinsu bai so ba. Na zaɓi huɗu. Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan dillalin riguna ne, a rumfar mahaifina a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato na tashi, ina ninke babbar riga tun ban kai tsawon hannunta ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Kakanmu ya rasu ya bar wata babbar riga baƙa mai ɗigo-ɗigon fari, da aiki tun daga ƙirji har baya. Wurin rabon gado ba wanda ya kula ta, sai aka ce in ɗauka. Ta fi shekara 30 a cikin adaka. Tana warin daɗewa, aikin ya koma ruwan ƙasa, ga tabon goro a gaba. Ina so in jiƙa ta da omo da ɗan bilic, a goge ta, maigidana ya sa da Sallah. Ga hotonta nan. 'Yarka daga Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki zubar da ruwan bokitin nan tukuna.

Na duba hoton. Abin da 'yan'uwanki suka tsallake wurin rabo saƙi ne, saƙar hannu, zaren da aka rina da shuni aka saka masa fari tsirit-tsirit har ya fito kamar bayan zabo. Aikin kuma aska takwas ne, wato zanen nan mai tsini takwas kamar bakin aska, ga tambarinta, wato zagayayyen zanen, a dama, ga wani a baya. Ki juya cikin rigar ki ƙirga ƙwaryoyin, wato siraran tsagin saƙar da aka harhaɗa, za ki ga kowace faɗinta bai wuce yatsa biyu ko uku ba, kuma duk da allura aka haɗa su. Mahaifina in aka kawo masa riga, ba ya fara kallon aiki. Gindin rigar yake ɗagawa ya duba shafi, wato ƙyallen da aka ɗinka ta ciki, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ƙirga ƙwarya, sannan ya kai ta hanci. Sai ya gama wannan yake buɗe baki a kan kuɗi.

Wannan ruwan ƙasa da kike son ki mayar fari ba datti ba ne. Zaren tsamiya ne, silikin daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi da ruwan toka, a kaɗa. Haka Allah ya yi launinsa, kuma masu kuɗin da saboda wannan launin suke biya. Bilic kuwa narkar da siliki yake yi. In kika jiƙa rigar nan a cikinsa, aikin da wani bawan Allah ya share watanni yana yi zai saki ya bi ruwa. Jan da na hango a bakin shafi, in alharini ne, wato silikin da ayari ke kawowa a da ta hamada daga Tarabulus, shi kuma yana iya zuba ya ɓata farin da ke kusa da shi.

Ba da ka nake wannan magana ba, ni ma na taɓa yi. Shekarar da mahaifina ya rasu, rigarsa kore ta faɗo a rabona. Kore ita ce wadda ake rinawa har ta yi baƙi wuluk, a kai mabuga a zuba mata garin shuni a yi ta bugu har ta riƙa ɗaukar ido. In ka taɓa ta sai yatsunka su yi shuɗi. Ni kuwa lokacin ina ji da ƙuruciya da aikin ofis, sai na ga wannan shuɗin da take bari a jiki ai datti ne. Ana saura kwana uku Sallah na haɗa ta da kayan wanki na ba wani mai wanki a unguwarmu. Bai yi laifi ba, abin da na ce ya yi shi ya yi. Da ya dawo da ita a ninke, na buɗe a tsakar gida, sai na ga wani tsumma toka-toka, ba ƙyalli ba nauyi, kafaɗa ɗaya ta tsage wurin matsa. Gwaggona tana zaune kan tabarma tana tsinke zogale. Ta ɗago ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce, "Kai, mi kay yi ma wagga riga? Wa yac ce maka ana wankin kore?" Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da tsinkenta. Na kai rigar wurin wani tsoho a Marina ko za a sake bugunta, ya murza gefenta ya ce zaren ya mutu, in ya ɗora mata ɗan bugu sai dai in kwashe ta a ƙyallaye. Har yau tana nan wurina.

To ga abin da za ki yi. Yanzu da iska ta bushe, ki share ɗaki, ki shimfiɗa farin zanen gado wankakke a ƙasa, ki buɗe rigar a kai, a inuwa, taga a buɗe amma rana ba ta faɗa mata ba. Ki bar ta kwana biyu ko uku kina juyawa. Mafi yawan warin nan da kansa zai tafi. Ƙura kuma kada ki kakkaɓe kamar darduma. Ki sami burushi mai laushi irin na kwalliya, sabo, ki bi ta a hankali, ki tausasa hannu a kan aikin. Tabon goron ki bar shi. Ya shekara 30 yana shiga zare, duk abin da zai iya fitar da shi yanzu zai fita da zaren ne gaba ɗaya. Kuma ai bakin kakanki ne ya yi shi.

Kada ki turara ta, kada ki fesa mata turare. Na san wannan zai yi wa matan Sakkwato nauyi, amma man da ke cikin turare yana zama a zare, bayan shekaru ya koma tabo ruwan ƙasa, hayaƙin kuma ya dusashe farin. Guga ma haka, musamman ta gawayi. Sitaci kuwa abinci ne kika ajiye wa kyankyaso.

Wurin ajiya, adakar ba ta da laifi in ba ta yi tsatsa ba, amma kada tufa ta taɓa ƙarfe ko katako kai tsaye. Ƙarfe yana ba ta tsatsa, katako kuma yana fitar da wani tsami da ke sa tufa ta yi ja ta yi rauni, haka ma jarida da kwalin kanti da mutane ke shimfiɗawa a ƙasan akwati. Ki sayi akoko yadi huɗu, ki wanke shi sau biyu ya saki sitacinsa, ki shimfiɗa a ciki, ki naɗe rigar da saura. Leda kuwa a'a. A watan Agusta laima tana shiga ta maƙale a ciki, kuma da zarar laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari fumfuna take tashi. Ninki shi ne ɗayan abokin gaba: inda aka karya tufa aka danne shekara da shekaru, nan take fara tsagewa, balle da ɗari, lokacin da zare ke bushewa ƙayau. Ki rage yawan ninkin, ki cusa ɗan naɗaɗɗen akoko a cikin kowane lanƙwasa, kada ninki ya bi ta kan aikin, kada ki ɗora mata komai. Sau biyu a shekara ki fito da ita ta sha iska, bayan damina da kuma kafin ruwan farko, ki sauya wurin ninkin. Adakar ki ɗora ta kan bulo, ki janye ta daga bango saboda gara.

Batun maigida ya sa da Sallah, ba zan hana kai tsaye ba, riga dai don sawa aka yi ta. Ku ɗaga kafaɗun ku duba ta haske. In kun ga zare ya yi shara-shara ko ya fara buɗewa, a haƙura. In da ƙarfinta, ya ɗora ta kan wata rigar, ya je idi ya dawo ya tuɓe kafin a kawo tuwo. Ban yarda da hawa babur da ita ba.

TAMBAYA: Malam, mahaifina maɗinki ne. Bayan rasuwarsa na tarar da aljihunan riga guda biyar da ya yi wa aiki amma ba a haɗa su da riga ba. Ɗaya ma rabi aka yi, ana ganin zanen tawada a sauran, allura na soke a jiki. Ina so in sa su a firam in rataya a falo. Mai firam ya ce zai manna su da gam a jikin falanki. Sannan ko in ba wani ya ƙarasa wanda ba a gama ba? Daga Ƙofar Taramniya.

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka. In fara da ta ƙarshe: kada ka bari kowa ya ƙarasa shi. A cikin biyar ɗin shi ne ya fi daraja. Rigar da aka gama ana samunta a gidajen sarauta, ana samunta a Gidan Makama a Kano, har a gidajen tarihi na Landan. Abin da ke wuyar gani shi ne aiki a tsakiyar hanya, inda mutum zai ga yadda mai zayyana ya fara ja da alƙalami, da inda maɗinki ya bi, da inda hannunsa ya tsaya. A da sau da yawa malamai ne ke wannan zayyana, da tawadar da suke rubutu da ita. Ka san tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kaɗan ke wanke ta kamar yadda ake wanke allo, don haka ko ɗigo kada ya taɓa wannan ƙyalle. Allurar ka zare ta a hankali, in ta yi tsatsa ka murza ta kana ja, ka sa ta a 'yar ambulan ka ajiye tare da su. Kafin ka zare ka ɗauki hoto.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gadon ba. A Amurka mata na harhaɗa ƙyallaye murabba'i-murabba'i su ɗinka bargo da su, kuma sau da yawa tsohuwa kan rasu ta bar waɗanda ba ta kai ga haɗawa ba, jikoki su sa a firam. Masu gyaran kayan tarihi a can da nan magana ɗaya suke yi: duk abin da za ka yi wa tsohuwar tufa, ya zama wanda za a iya warwarewa gobe.

Gam ba ya warwaruwa. Yana ratsa zare, ya bushe, ya yi ja, ranar da ka so cirewa sai ka bar rabin aikin a jikin falanki. Ƙusa da fil da sitefula su kuma tsatsa. Mai firam ɗinka hoto ya saba yi, ba laifinsa ba ne, kai za ka faɗa masa yadda kake so. A yanka falankin, a lulluɓe shi da takardar alminiyam irin wadda ake naɗe gasasshen kifi, don ta tare tsamin katakon. A shimfiɗa auduga siririya ko tsohon farin zane mai laushi, a ja wankakken akoko a kai ya ɗame, a ɗaure shi ta baya. A kan wannan akokon za a kwantar da aikin, a kama shi da zaren auduga da siririyar allura, ɗinki mai tazara, allura na bi ta tsakanin zare ba ta huda shi ba. Kada a ja shi don ya miƙe, in ya karkace a bar shi da karkatarsa. Kada a datse gefuna don su yi daidai da firam, firam ɗin ne zai bi su. Kai ɗan maɗinki ne, wannan da hannunka ya kamata ka yi shi.

Gilashi kada ya taɓa aikin. A sa ɗan siririn katako a gefe ya ɗaga shi kamar faɗin ƙaramin yatsa, in ba haka ba laima na taruwa a bayan gilashi da damina. A rufe bayan firam ɗin ruf saboda ƙurar hunturu da ƙwari.

Sai haske, wanda shi ne mutane ba sa ɗauka da muhimmanci. A gidajen tarihi ba sa bari hasken da ke kan tufa ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, wato ɗan dishi-dishi. Ranar tsaka a waje tana kaiwa luks 100,000. Abin da haske ya ci kuma ba ya dawowa, taruwa yake yi kullum kaɗan-kaɗan. Shuni yana da juriya, amma ja da kore da ruwan hoda na zaren kanti su ne ke fara koɗewa. Ka zaɓi bangon da ba ya kallon taga, wanda ba ya jingine da banɗaki ko kicin, kuma ba ƙarƙashin fitila ba. Tunda biyar ne, shawarata ka rataya biyu, bayan wata uku ko huɗu ka sauke ka ɗora wasu. Aljihun nan mai zanen tawada kuwa da ni ne ba zan rataya shi ba sam. Zan sa a ɗauke shi hoto mai kyau a wanke babba a rataya hoton, shi kuma ya kwanta a shimfiɗe cikin akoko, a fito da shi in baƙon da ya san darajarsa ya zo.

TAMBAYA: Ina da gwado da luru da zannuwan saƙi na mahaifiyata a cikin kwalla. Na buɗe na ga ƙananan huji da wani gari-gari a ƙasa. Na zuba kafur da yawa amma ban ga sauƙi ba. Kwallar tana ɗakin da 'yata ke wankan jego. Hajiya, Runjin Sambo.

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Amma yau ɗin nan a fitar da kwallar daga ɗakin mai jego, kuma duk kayan jariri da suka ɗauki warin kafur a wanke a shanya. Yawancin farin kafur ɗin da ake sayarwa a kasuwa naftalin ne. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin waɗannan ko shaƙar kafur ko sa tufar da ta kwana a cikinsa na iya farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta kama su, mai tsanani kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa. In an ga idon jaririn ko jikinsa ya yi rawaya, a tafi asibiti, kada a tsaya jiƙo.

Zannuwan kuma, ki duba ɓarnar da kyau. In akwai ƙasa-ƙasa a manne, gara ce, kuma maganinta na ƙasan ɗaki ne ba na cikin kwalla ba. In huji ne ƙanana da gari kamar yashi da ɗan yana, asu ne ko 'yan'uwansa, kuma tsutsar ce ke ci. Sun fi son ulu da siliki da duk inda gumi ko maiƙo ya taɓa. Kada ki fesa maganin sauro a kan tufa, yana barin tabo.

Hanya biyu ake kashe su har ƙwai. Ɗaya sanyi: a sa tufa a leda a ɗaure, ta yi mako biyu a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba yankewa, in an fito da ita a bar ta cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe. To wa ke da wutar mako biyu ba ƙiftawa, in ba mai sola ba? Ta biyun ita ta dace da mu, wato zafi. Ƙwarin nan ba sa rayuwa in zafi ya kai digiri 55 ya ɗauki sa'o'i. Ki naɗe kowane zane a akoko, ki sa a leda ki ɗaure tam, ki saka cikin baƙar leda, ki ɗora a kan kwanon rufi ko cikin mota a rufe a rana tun hantsi har la'asar. Kada ki cika su da kauri, don zafin ya ratsa har ciki. A watan Afrilu, da Sakkwato ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan ba wuya. Ki bari su huce kafin ki kwance, sannan a fitar da su daga ledar gaba ɗaya. Ban da abin da ke da fata ko dutsen ado da aka manna.

Gwadon, in fari ne sol kuma da ƙarfinsa, shi kam ana iya wanke shi: ruwan sanyi mara zartsi a babban baho, a danna da tafin hannu, ba cuɗa ba matsa, a shanya a kwance a inuwa. Lurun ki fara gwada shi, ki jiƙa 'yar auduga ki danna a kan launin ta wani lungu. In ta ɗauko launi, ba shi ba ruwa. Manyan irin waɗannan naɗi ya fi musu ninki. Ki roƙi masu sayar da yadi kwalin da suke naɗe yadi a kai, ki rufe shi da takardar alminiyam da akoko, ki naɗe su a kai.

TAMBAYA: Baba, wani mutum yana yawo ƙauyukanmu yana sayen tsofaffin riguna. Ya taya rigar kakan babana, ya ce waje zai kai. In sayar? Ɗanka daga Wurno.

AMSA: Ɗana, rigar ba taka kai kaɗai ba ce, ka fara jin bakin sauran magada. Sannan ka sani akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan sana'ar hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a sayar da su sai ga wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fita da su ƙasar waje sai da izininta. Rigar kakan uba tana iya kaiwa waɗannan shekaru, tana iya ma riskar zuwan Turawa Sakkwato a 1903. Ka tambayi mutumin takardarsa. Farashin da ya faɗa maka kuma kada ka ɗauke shi a matsayin kuɗin rigar, ni ɗan dillali ne, na san yadda ake tayin farko.

Ko za ku sayar ko ba za ku sayar ba, ka ɗauke ta hoto gaba da baya da ciki, ka shigo da hoton Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan cikin gari su gani. Kafin nan ka sami mafi tsufa a gidanku, ka zauna da shi da takarda da fensir: wa ya saya, a ina, wa ya yi aikin, wane sarki ke kan gado lokacin, a wane buki aka sa ta. Ka rubuta da sunan wanda ya faɗa maka da ranar, ka sa a ambulan a gefen adakar, ba cikin aljihun rigar ba.